SHIN TURAWA MA SUNA DA FATALWA?

 Kamar yadda muka saba, amsar da muka bayar a rediyo ita ce muke kawo muku nan a rubuce, tare da ƙarin bayanin da ƙurewar lokaci ta hana mu yi, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa ya samu ya karanta, ko kuwa a karanta masa.

TAMBAYA

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Zazzau, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce ya gaji wata gona daga mahaifinsa a gefen wani tsohon kufai, akwai fadama daga gangarenta, da kuma wata tsohuwar rijiya da aka daɗe da daina sha. Tun bara ake ta raɗe-raɗin wai ana ganin wuta tana yawo a wurin da dare, wasu ma sun ce sun ga mutum tsaye cikin likkafani. 'Yan ƙwadago sun fara ƙin zuwa masa aiki, ga damina ta ƙarato, ga kuma wani mutum ya taya gonar da kuɗin da bai kai rabin darajarta ba. Ɗansa da ke makarantar sakandare ya ce masa duk wannan duhun kai ne, ai Turawa ba su san wata fatalwa ba. Shi ne yake tambaya, shin gaskiyar yaron ce? Sa'an nan ya sayar da gonar, ko kada ya sayar?

AMSA

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya jiƙan mahaifinka. Da farko dai ka gaya wa ɗanka a wannan karon bai canka daidai ba. Turawa suna da labaran fatalwa jibge, musamman ma mutanen karkara irinmu. Don kada mu yi ta yawo da kai ƙasa-ƙasa, za mu ɗauki lardi guda ɗaya tak a Ingila, lardin manoma, mu duba labaransa ɗaya bayan ɗaya. Su Turawa suna da ajiyar takardu, saboda haka ana iya bin sawun labari har a kai ga inda ya faro. In ka ga yadda nasu suka faro, za ka san irin tambayoyin da ya kamata ka yi game da naka.

Kafin nan, bari mu raba zare da abawa. Batun aljanu dabam ne, halittu ne na Allah, kuma fagen malamai ne, ba namu ba. Abin da muke magana a kai shi ne fatalwa, wato a ce mamaci ya dawo yana yawo a inda ya zauna ko inda ya mutu, da kuma wuraren da ake jin tsoro saboda irin wannan zance.

LARDIN NORFOLK

Lardin Norfolk, wanda su can suke faɗi "Nofok", yana gabashin Ingila, kimanin mil 100 daga birnin Landan, kuma babban birninsa shi ne Norwich. Mutanensa sun ɗan haura 900,000. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba tuddai sosai, teku ta kewaye ta daga arewa da gabas. Suna noman alkama da sha'ir da wata saiwa da ake yin sukari da ita, suna kuma kiwon talotalo da yawa. Akwai fadamu masu laka, da hazo mai rufe ido lokacin sanyi, da tsofaffin coci-coci fiye da 600 waɗanda aka gina shekaru ɗaruruwa da suka wuce, wasu ma sun zama kango a tsakiyar gonaki. Ka ga ke nan duk kayan haɗin labarin tsoro sun cika.

UWARGIDA MAI RIGA RUWAN ƘASA

Labarin da ya fi shahara shi ne na wani katafaren gidan sarauta da ake kira Raynham. Maigidan a wancan zamani wani basarake ne, Charles Townshend, wanda manoman Ingila ba za su manta da shi ba. Bayan ya bar siyasa a 1730 sai ya koma gona, ya yaɗa dabarar nan ta juya shuka kashi huɗu: bana alkama, baɗi wata saiwa mai kama da gwaza da ake ba dabbobi, sai sha'ir, sai wata ciyawa mai gyara ƙasa kamar yadda wake da gyaɗa suke yi a nan wurinmu. Matarsa Dorothy ƙanwa ce ga Robert Walpole, wanda ake lissafawa a matsayin Firayim Ministan Birtaniya na farko.

Labarin da ake bayarwa shi ne wai mijin ya zarge ta da cin amana, ya kulle ta a ɗaki, ya raba ta da 'ya'yanta har ta mutu, shi ya sa take yawo a matakalar benen gidan cikin doguwar riga ruwan ƙasa, babu ƙwayar ido a fuskarta sai ramuka. Abin da tarihi ya rubuta kuwa shi ne ta rasu a 1726, kuma ciwon agana ne ajalinta. Karon farko da aka ce wani ya gan ta shi ne lokacin bikin Kirsimeti na 1835. Yi lissafi Malam, shekara 109 ke nan bayan mutuwarta. Ina take duk tsawon wannan lokaci?

A 1836 wani hafsan sojan ruwa kuma marubuci, Kyaftin Frederick Marryat, ya kwana a gidan da bindigarsa. An ce ya haɗu da ita a lungu tana riƙe da fitila, ta yi masa wani mugun murmushi, shi kuwa ya ɗirka mata harsashi, harsashin ya wuce ya shige ƙyauren ƙofa. To amma wa ya ba da labarin? 'Yarsa ce ta rubuta shi a 1891, shekara 55 bayan faruwar abin, lokacin shi kansa ya yi shekara 43 a ƙasa.

Abin da ya kai labarin duniya shi ne hoto. Ranar 19 ga Satumba 1936 wasu masu ɗaukar hoto biyu suka je gidan don yi wa mujallar Country Life aiki. Suka ce suna cikin ɗaukar matakalar sai suka ga wani farin abu kamar hayaƙi yana saukowa, suka ɗauka. Mujallar ta buga hoton ranar 26 ga Disamba na wannan shekara, kuma har yau yana cikin hotunan fatalwa da aka fi sani a duniya. Sai dai masana hoto da suka yi masa duban tsanaki sun nuna alamun cewa hoto biyu ne suka hau kan juna, ko kuma haske ne ya kutsa cikin kyamara. Wanda ya san masu hoton da, waɗanda ke shiga cikin baƙin mayafi, ya san in aka manta aka ɗauki hoto biyu a gilashi ɗaya, mutum yakan fito fari-fari ana hango bango ta cikin jikinsa. Mu da muke cewa gani ya kori ji, to ga inda gani ma yake bukatar bincike. Balle yanzu da yaro zai zauna da wayar hannu ya haɗa maka hoton abin da bai taɓa faruwa ba.

SARAUNIYA MARAR KAI

Daga Raynham sai mu nufi gabas kaɗan zuwa wani gidan mai suna Blickling. A nan ne ake kyautata zaton an haifi Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas ta biyu, kuma mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta Farko. Sarkin yana neman ɗa namiji, ita kuwa ba ta samu wanda ya rayu ba. Aka tuhume ta da zina da cin amanar sarauta, aka fille mata kai da takobi a Landan ranar 19 ga Mayu 1536. Mafi yawan masana tarihi suna ganin ƙage aka yi mata.

Mutanen yankin suna cewa duk shekara, daren 19 ga Mayu, takan iso Blickling cikin keken doki, dawakin ba kai, mai tuƙin ba kai, ita kuma tana rungume da nata kan a cinya. Mahaifinta ma, wanda ake ganin bai tsaya mata ba, an ce hukuncinsa shi ne ya tsallake gadoji 12 a wannan dare kafin zakara ya yi cara.

Amma ga wani abu. Ginin da ke wurin yanzu an yi shi ne bayan 1616, wato kimanin shekara 80 bayan kashe ta, a kan harsashin tsohon gidan danginta. Ko sau ɗaya ba ta taɓa taka shi ba. Me ya sa labarin ya ƙi mutuwa? Dalili na farko, an zalunci baiwar Allah, kuma a zamanin da ba mai iya buɗe baki ya ce sarki ya yi zalunci, labarin fatalwa hanya ce ta faɗin abin a kaikaice. Na biyu kuma, gidan yanzu wurin yawon buɗe ido ne, kuɗi ake biya a shiga, har akan sami masu taruwa a bakin ƙofa a wannan dare suna jiran keken doki. Kowane ɗan kasuwa ya san ba a korar abin da ke kawo ciniki.

BAƘIN KARE

Wannan shi ne dodon da ake tsorata yaran Norfolk da shi. Suna kiransa Shuck, wai baƙin kare ne kamar ɗan maraƙi, idanunsa jajur kamar garwashi, yana bin hanyoyin bakin teku da maƙabartu da dare. Wasu suna cewa wanda ya haɗa ido da shi ba zai ga baɗi ba.

Akwai rana guda da aka rubuta a kansa. Ranar Lahadi 4 ga Agusta 1577, ana cikin ibada a cocin garin Bungay, wanda ke tsallaken kogin da ya raba Norfolk da maƙwabcinsa lardin Suffolk, sai hadari ya taso, gari ya yi duhu, aka yi ta tsawa da walƙiya, mutum biyu suka mutu nan take. A wannan rana hadarin ya faɗa wa cocin wani gari mai suna Blythburgh, can ma aka rasa rayuka. Ba a jima ba wani marubuci a Landan, Abraham Fleming, ya buga 'yar takarda yana cewa Shaiɗan ne ya shigo cocin cikin siffar baƙin kare ya murɗe wa mutanen wuya, kuma gargaɗi ne ga masu zunubi. Har gobe ana nuna wa baƙi wasu baƙaƙen tabo a ƙofar cocin Blythburgh a ce sawun faratansa ne.

Kai manomi ne, ba sai an gaya maka aikin aradu ba. Ka san abin da ya fi tsawo take nema, ko giginya, ko rimi, ko mutum a tsaye a fili. A ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin wannan, a zamanin da ba a ƙirƙiro ƙarfen kare gini daga aradu ba, me ya fi hasumiyar coci tsawo? Mutuwar gaskiya ce, hadarin gaskiya ne, karen ne aka ɗora daga baya. Yau ga shi nan a jikin tambarin garin Bungay, har 'yan ƙwallon garin ma da sunansa ake yi musu kirari.

Sai kuma ɓangaren da nake so 'yan kasuwa su buɗe kunne. A ƙarni na 18 gwamnatin Birtaniya ta ɗora haraji mai nauyi a kan ganyen shayi da taba da barasa. Harajin shayi sai da ya kai kashi 119 cikin ɗari, kafin a rage shi zuwa kashi 12 da rabi a 1784. Gaɓar Norfolk tana kallon ƙasar Holan, saboda haka fasa-ƙwauri ya zama babbar sana'a, ana sauke kaya da jiragen ruwa cikin dare. Ba wasa ba ne, don a wannan shekara ta 1784 'yan fasa-ƙwauri sun harbe wani soja da wani ma'aikacin kwastan a Hunstanton, kaburburansu suna nan har yanzu. To wa ya fi kowa bukatar mutanen ƙauye su kulle ƙofa da magariba, kada su leƙa hanyar bakin teku? Masu tarihin yankin da dama suna ganin 'yan fasa-ƙwauri sun yi wa labarin karen nan taki da ban-ruwa, har ana ba da labarin sukan rataya wa baƙar dabba fitila su sake ta a hanya. Ba su suka ƙirƙiro shi ba, sun tarar da tsoro ne a ƙasa, suka ɗauka suka yi jari da shi.

MAI FITILA NA FADAMA

Yanzu mun zo kan wanda ya fi kama da naka, Malam, wato wuta mai yawo. A gabashin Norfolk akwai tafkuna da fadamu masu faɗi. An daɗe ana zaton haka Allah ya halicce su, sai a 1952 wata masaniyar tsirrai, Joyce Lambert, ta auna su ta ga gefensu a miƙe yake kamar an yanka da wuƙa. Ashe kududdufai ne. Mutanen da ne suka yi ta haƙar wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ganye suna busarwa suna girki da ita, tsakanin ƙarni na 12 da na 14, daga baya ruwa ya cike ramukan. Wanda ya san kududdufi ya san haɗarinsa: taku ɗaya kana iyakar gwiwa, taku na biyu ka nutse.

A waɗannan fadamu ake cewa akwai Mai Fitila, wani mugun abu da ke nuna wa matafiyi haske, in ya bi sai ya ja shi cikin laka. A maƙabartar ƙauyen Thurlton akwai kabarin wani matuƙin jirgin kogi, Joseph Bexfield, wanda ya nutse ranar 11 ga Agusta 1809 yana da shekara 38, ya bar mata da 'ya'ya ƙanana biyu. A jikin dutsen kabarin nutsewa kawai aka rubuta. A bakin mutane kuwa, an ce ya tashi daga wurin hira da dare zai tsallaka fadama ya ɗauko saƙon matarsa da ya manta a jirgi, abokansa suka hana shi ya ƙi, Mai Fitila ya ɗauke shi.

Tsofaffinsu suna cewa in ka hango Mai Fitila kada ka bi shi, kada ka yi fito, ka kwanta rub da ciki a inda kake. Ka duba hikimar da ke ciki. Mutumin da ya ɓace a fadama cikin duhu da hazo, ba abin da zai cece shi kamar ya tsaya wuri ɗaya har gari ya waye. Labarin tsoro ne, amma aikin shinge yake yi, kamar yadda iyayenmu suke ce wa yara akwai dodo a rijiya.

To wutar fa, mece ce? A 1776 wani masani ɗan ƙasar Italiya, Alessandro Volta, ya zunguri lakar wani tafki da sanda, ya tara iskar da ke ɓulɓulowa, ya ga tana kama wuta. Ita ce iskar gas da ake kira metan, wadda ke fita daga ruɓaɓɓen ganye a ƙarƙashin ruwa, irin wadda wasu ke tarawa daga kashin shanu su yi girki. Masana da yawa suna danganta hasken fadama da ita. A ƙarshen 1907 zuwa farkon 1908 kuma aka sake yin wani abin mamaki a arewacin Norfolk: mutane suka yi ta ganin haske yana tashi sama yana sauka a kan gonaki, har aka yi ta rubuce-rubuce a jaridar The Times ta Landan. Waɗanda suka yi haƙuri suka laɓe suka duba sun ce farar mujiya ce. Bayanin da aka fi kawowa a lokacin shi ne tana kwana a kogon ruɓaɓɓen itace, inda wata irin fumfuna mai ƙyalli cikin duhu take manne mata a gashi.

Wannan farar mujiya ita ce dai tamu ta nan. Lokacin da nake malamin firamare a wani ƙauye, an ba ni gidan malamai wanda ya shekara biyu ba kowa, don an ce ana jin nishin mutum a cikinsa. Daren farko ban runtsa ba, na kuwa ji nishin da kunnena, kamar na majinyaci. Da safe muka sa tsani da maigadin makaranta muka leƙa cikin silin, sai ga 'ya'yan mujiya huɗu suna huci. Na shekara uku a gidan, kuma ɓera bai taɓa yi mini ɓarna ba, don mujiya ɗaya takan ci ɓeraye uku zuwa huɗu a dare.

ƘARARRAWA A ƘARƘASHIN TEKU

Na ƙarshe gajere ne, amma ya shafi kufai. Masuntan garin Cromer suna cewa in hadari zai taso akan ji ƙararrawar coci tana kaɗawa daga ƙarƙashin teku. Ƙararrawa dai ba ta kaɗawa a cikin ruwa haka kawai, amma garin gaskiya ne. Sunansa Shipden, yana cikin littafin ƙidayar ƙasa na 1086, teku ta yi ta cin gaɓarsa har ta haɗiye shi wajen ƙarshen ƙarni na 14. A watan Agusta 1888 wani jirgin ruwa na 'yan yawon shaƙatawa mai suna Victoria ya yi karo da wani dutse kusa da gaɓa, wanda ake ɗauka ragowar cocin garin ne. Ba a rasa rai ba, daga baya aka fasa dutsen da nakiya. Labarin ƙararrawa shi ya riƙe wa jikoki sunan garin kakanninsu, ya kuma riƙa tuna wa masunta akwai abin karo a wurin.

MU DAWO GONARKA

Ka ga dai Malam, ruwa ba ya tsami banza. Duk labarin da muka bi sawunsa mun tarar da wani abu na zahiri a gindinsa: ko mutuwar da ta girgiza mutane, ko zaluncin da aka kasa faɗi, ko haɗarin da ake son nesanta yara da shi, ko wata dabba, ko kuma wani mai cin riba. Saboda haka wanda ya ce maka ba komai, duhun kai ne, bai taimake ka ba. Wanda kuma ya ce maka ka gudu, shi ma bai taimake ka ba. Ga abin da muke ba ka shawara.

Da farko ka nemi tsofaffin garinku ka tambaye su me ya tashi mutanen kufan nan. Annoba ce, ko yaƙi, ko ruwa ne ya ƙafe, ko kuwa hanyar mota ce ta ja su wani wuri? Ka kuma tambaye su ko sun taɓa jin zancen wutar nan a zamanin mahaifinka. In mahaifinka ya shekara talatin yana noma wurin lafiya, sai bara abin ya ɓullo, to da walakin, goro a miya.

Na biyu, ka nemi wanda ya gani da idonsa. Za ka sha mamakin yadda kowa zai ce maka wane ne ya gaya masa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka kai ga bakin da zancen ya fara fitowa, sa'an nan ka duba ko akwai wata alaƙa tsakaninsa da mai tayin gonar. Ba mu ce ka zargi kowa ba, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, bincike kawai muka ce ka yi.

Na uku, kada ka ɗauki tocila ka tafi kai kaɗai da dare don nuna jarumtaka. A wannan zamani wutar da ke yawo a daji tana iya zama ta mafarauta ko masu kamun kifi, tana kuma iya zama ta ɓarayin shanu ko masu ɓoye kayan sata, waɗanda sun fi fatalwa haɗari nesa ba kusa ba. Ka kai maganar gaban mai unguwa da dagaci, in za a duba a je cikin jama'a tare da 'yan sintiri, in abin ya fi ƙarfinsu a sanar da jami'an tsaro.

Na huɗu, rijiyar nan ita ce abin tsoron da muka tabbatar da shi a gonarka. Tsohuwar rijiya takan tara gurɓatacciyar iska a ƙasanta, mutum ya shiga ya sume, na biyu ya bi shi ceto shi ma ya tafi, a ce aljanu ne suka riƙe su. Shi ya sa gwanayen haƙar rijiya suke zura fitila mai ci kafin su shiga, in ta mutu sun san ba iskar shaƙa. Kada ka bar kowa ya shiga. Ka rufe bakinta da kyau, ko ka cike ta, tun kafin ciyawar damina ta ɓoye ta.

Game da 'yan ƙwadago kuwa, ka fara fita da kanka kai da 'ya'yanka da hantsi, ko ka kira gayya. In aka ga an yi sharar gona an tashi lafiya, an yi huɗa an tashi lafiya, zancen zai yi sanyi da kansa. Ka riƙe addu'o'inka na safe da yamma kamar yadda malamai suka koyar, amma ka yi hattara da duk wanda zai ce ka kawo baƙin bunsuru da kuɗi ya kore maka abin.

Batun sayarwa, gona taka ce, kuma ba mu san bukatunka ba. Amma dai kada ka sayar cikin tsoro, don mai tsoro ba ya ciniki, sallamawa kawai yake yi. Gona mai fadama ba abin yarwa ba ce, ga rani ga damina. Ka noma ta bana. In bayan kaka har yanzu kana son rabuwa da ita, ka tuntuɓi sauran magada in akwai, ka sa a yi mata kuɗi a gaban dagaci da shaidu, a rubuta takarda. Mutanen Bungay sun sa karensu a tambari suna cin abinci da shi, kai ma kada ka bari wani ya ci gonar mahaifinka da labari.

Shi kuma ɗanka, ka ce muna gaishe shi, ya ci gaba da karatu, amma ya riƙa bincike kafin ya yanke hukunci. Muna roƙonka ka sake rubuto mana bayan an yi girbi mu ji yadda aka ƙare, domin sauran masu sauraro su ƙaru.

Jama'a, nan za mu dakata a wannan mako. Mai tambaya ya aiko da wasiƙarsa kamar yadda aka saba, a rubuta sunan gari da kyau yadda zai karantu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da dukiyoyinmu.